Shekarar da Ruwa Ya Cinye Iyakar Gona

Maigidana fasto ne. Shekara tara muka yi a wani ƙauye da ke tsakanin Fagam da Farin Dutse, a ƙasar Gwaram, kuma duk wuraren da aiki ya kai mu, babu wanda nake tunawa kamarsa.

Ranar da a-kori-kura ta sauke mu da kayanmu a ƙofar cocin, na daɗe a tsaye ina tunanin ko direba ya yi ɓatan kai ne. Ɗaki ne guda na jar ƙasa, da rufin kwano, da benci bakwai, biyu daga ciki sai an tokare su da dutse. Gidan fasto yana manne da shi ta baya. Masu bi ba su kai gida goma ba: wasu manoma 'yan asalin yankin, da malamin firamare ɗaya, da wata ma'aikaciyar ɗakin shan magani. Sauran garin kaf Musulmi ne, tun kakannin kakanni suke zaune a nan.

Ni ma Bahaushiya ce, a ƙauye na tashi, don haka ba harshe ne ya dame ni ba, ba kuma tuwo ba. Shirun ne. Ba wanda ya zage mu, ba kuma wanda ya leƙo. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Malam, limamin garin, wanda yake da makarantar Islamiyya a zaurensa. In Fasto ya gaishe shi, zai amsa cikakkiyar amsa, har da tambayar iyali, amma daga nan ba ya ƙara kalma ɗaya.

Mutane suna ɗauka aikin fasto na ranar Lahadi ne kawai. Nawa mijin, Lahadi ce ranar da ya fi zama wuri ɗaya. Da sassafe yana gona. Da hantsi ya hau babur ya bi masu bi a unguwanninsu, ya yi wa marar lafiya addu'a, ya sasanta mata da miji, ya karanta wa tsohuwa takardar asibiti. Laraba da yamma akwai addu'a, Asabar akwai koyon waƙa. Shi da kansa ya matsar da lokacin waƙar don a ajiye ganga kafin kiran sallar la'asar, ba tare da wani ya roƙe shi ba. In aka yi rasuwa a gari, ko ta waye, sai ya sa hularsa ya je ya zauna a tabarmar gaisuwa, in lokacin salla ya yi ya koma gefe ya jira su. Da aka gane ya san kan babban asibitin Birnin Kudu, inda ake yankar kati da inda ake gwajin jini, sai babur ɗinsa ya zama na kowa. Sau da yawa yakan dawo da yamma ko ruwa bai sha ba, bayansa duk ya riƙe.

Wanda ya fara jawo mu jiki wani dattijo ne mai babbar gona a bakin rafi. Shi ya ara mana wani yanki a ƙarshen gonarsa muka riƙa shuka dawa da wake, ni kuma na sa kuɓewa a gefe. 'Ya'yansa maza biyu ne. Babban shi ne Alhaji, manomi mai shanun huɗa. Ƙanen direba ne, yana jigilar mutane zuwa kasuwanni.

A shekararmu ta biyu, dattijon ya raba gonar tsakanin 'ya'yan nan tun yana da rai, ya dasa gamba a jere a tsakiya ya nuna musu. Bayan kwana biyu, Fasto yana cikin gonarmu, sai tsohon ya kira shi.

“Fasto, zo ka kama mini.”

Wani tsohon dutsen niƙa ne da ya fashe biyu, an kawo masa a amalanke. Suka haƙa rami a kowane ƙarshe na jerin gambar, suka binne rabi a nan, rabi a can. Tsohon yana ƙirga taku daga gindin wata kanya. Ya ce wa Fasto yaransa sun san gamba, amma gamba tana mutuwa. Da bazara ta zagayo ya rasu. Fasto ya ba ni labarin dutsen a ranar da suka binne, muka manta da shi mu duka.

Yankin da muke nomawa ya faɗa a rabon Alhaji, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba. Kowace damina shanunsa suke yi mana huɗa. Da babbar salla, ƙafar rago guda ake kawo mana daga gidansa. Ƙanen kuwa bai taɓa son zamanmu a garin ba. Shi ya kai ƙara wurin dagaci lokacin da muka so ƙara faɗin cocin, shi ya hana matarsa zuwa wurina koyon ɗinki. In ya hango Fasto a hanya, sai ya duƙa yana duba tayar motarsa.

A damina ta shida, cikin watan Agusta, aka yi kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rafin ya ɓalle ya bi ta gonaki. Da ruwan ya janye, gonar 'yan'uwan nan ta koma fili ɗaya na yashi, a wani wurin har gwiwa. Babu gamba, babu kunya, babu komai sai kanyar nan a tsaye. Alhaji ya je ya kafa turaku inda ya ce nan iyakar take. Washegari ƙanensa ya tuge su. Abin da ke tsakanin maganar wannan da ta wancan bai fi kunya ashirin ba, amma nan ne ƙasar ta fi kyau, nan ake samun danshi har rani.

Rigimar ta shiga ko'ina, don garin duk dangi ne. Wanda ba ɗan'uwan Alhaji ba ne, to surukin ƙanensa ne. Mata suka daina aika wa juna ɗanɗano. Matar malamin firamare ta gaya mini har a masallaci mutane sun fara zaɓen wanda za su tsaya kusa da shi. Sau biyu dagaci ya zauna, duk shaidan da aka kawo sai ɗaya ɓangaren ya ce ai ɗan gidansu ne.

Wata safiya muna shan koko, Fasto ya ajiye ludayi ya ce, “Kin tuna dutsen niƙan nan?”

Na ce, “Yana ina?”

“In ban manta ba, yana can cikin inda Alhaji ya ce nasa ne.”

“Wato direba ne mai gaskiya.”

“Haka nake gani.”

Na ce masa, “Baban yara, gonar wa muke ci? Shanun wa suke mana huɗa? Mutum ɗaya ne a garin nan ya riƙe mu kamar 'yan'uwa, shi za ka je ka kunyata saboda wanda ko gaisuwarka ba ya amsawa?”

Dattawan ikilisiya da ya shawarta su ma abin da suka ce ke nan: mu 'yan kaɗan ne, rigimar ba tamu ba ce, duk wanda ya faɗi a kanmu zai huce. Ya saurare su har suka gama, sannan ya ce, “Kowace Lahadi ina tsayawa a gabanku in ce ku faɗi gaskiya. In na yi shiru yanzu, da wane baki zan sake faɗa?”

Alhaji ne Fasto ya fara samu, su biyu kawai, a rumfar shanunsa. Ya gaya masa komai, ya ce in yana so su je su tono dutsen ba tare da kowa ya sani ba, sai ya janye turakunsa da mutuncinsa. Alhaji bai yarda akwai wani dutse ba. A zuciyarsa ya tabbata inda ya kafa turakun nan ne iyakar, kuma maganar ta riga ta zama ta girma. Ya ce, “Fasto, ina ganin mutuncinka. Ka bar mana maganar gidanmu.”

Daga nan Fasto ya wuce zauren Malam. Wannan ne karo na farko da ya cire takalmi ya shiga ciki. Ya daɗe, har na leƙa waje sau biyu. Da ya dawo ya ce Malam ya saurare shi, ya yi masa tambayoyi uku ko huɗu, ya ce ya je zai ji kira.

Ranar Alhamis da hantsi dagaci ya tara jama'a a gonar. Ni ina can gefe a namu yankin, wai ina tsintar abin da ruwa ya rage na kuɓewa, amma ko ɗaya ban tsinta ba. Da dagaci ya ce Fasto yana da magana, wanda ya fara tashi ya hana shi ne direba.

“Ranka ya daɗe, ban yarda ba. Wannan mutumin Alhaji ne, gonarsa yake ci. Me zai faɗa in ba abin da Alhaji yake so ba? Sannan ba addininmu ɗaya ba, yaya za a karɓi shaidarsa a kaina?”

Wasu suka ce haka ne. Alhaji ya sunkuyar da kai. Sai Malam ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit.

“Ba shaidarsa za mu karɓa ba,” in ji shi. “Wuri zai nuna, a haƙa. In ba a sami komai ba, shi ke nan. In an samu, ba shi ya yi magana ba, mahaifinku ne. Sannan ina so ku ji daga bakina: shekara shida katangarmu ɗaya da mutumin nan, ban taɓa kama shi da ƙarya ba.”

Ban san lokacin da na saki kwandon da ke hannuna ba.

Fasto ya je gindin kanya ya juya gabas, ya yi ta takawa yana ƙirgawa a fili, ya tsaya ya ce a nan. Mutum biyu suka sa shebur. Suka wuce yashi, suka kai baƙar ƙasa, suka yi rami har ƙugu. Babu komai. Aka fara gunaguni. Na ji wani yana cewa dama an faɗa. Ni kuwa na rufe ido ina addu'a, ina kuma lissafin yadda za mu ɗaure kayanmu.

Fasto ya tsaya yana kallon ramin, ya kalli kanya, sai ya dafa goshi.

“Ranka ya daɗe, laifina ne. Da ƙafata na auna. Ba ni na yi takun ba, Baba ne.”

Maigidana dogo ne sosai, marigayin kuwa gajere ne, ga tsufa. Sai ya karɓi sandar wani dattijo ya koma gindin kanya, ya rankwafa, ya fara tahowa da 'yan gajerun taku yana dogara sandar, yana ɗan jan ƙafar hagu kamar yadda tsohon yake yi. Kowa a wurin ya san wannan tafiyar. Dariya ta ɓarke, har dagaci ya rufe baki da hannun riga. Amma da na dubi 'yan'uwan biyu, babu mai dariya a cikinsu. Direba ya juya baya yana goge ido.

Inda ya tsaya a wannan karon bai kai ramin farko ba da nisa. Aka sake haƙawa. Ba a kai ƙugu ba shebur ya yi ƙara. Mai haƙan ya durƙusa ya sa hannu, ya share ƙasa, ya ɗago kai ya ce, “Wallahi dutsen niƙa ne.” Aka yi kabbara. Aka je ɗaya ƙarshen aka tono ɗaya rabin, aka kawo aka haɗa su a gaban dagaci, suka zauna daidai. Da aka ja igiya tsakanin ramukan biyu, kunya ashirin ɗin nan duk suka faɗa wa direba.

Alhaji bai yi gardama ba. Ya tuge turakunsa da hannunsa ya tafi. Bayan kwana uku ya aiko a gaya mana in mun kwashe abin da ya rage, mu bar masa gonarsa.

Wannan kakar ta yi mana wuya. Abin da muka samu bai cika rabin rumbu ba, ga shi ba mu san inda za mu shuka baɗi ba. Na yi kwanaki ba na yi wa Fasto doguwar magana. Wasu daga cikin masu bi suna cewa ai sun faɗa masa.

Ana nan, wata rana ina tankaɗe a tsakar gida, sai na ji sallama. Matar Malam ce, Hajiya, da ƙwaryar fura a hannu. Shekara shida muna jin muryar juna ta kan katanga, ranar ta fara taka gidana. Ta zauna a tabarma ta ce, “Maman coci, Malam ya ce in gaya wa Fasto akwai gonarsa ta bayan makaranta, ba ya iya noma ta duka. Ya ɗauki rabi.” Ta ƙara da cewa, “Ni kuma na zo ki koya mini yankan rigar nan da na ga kin yi wa malamar asibiti.” Daga ranar gidana bai ƙara rabuwa da mata ba.

Direba ma ya zo, amma bai shigo ba. Ya tsaya a ƙofa yana juya makullin mota a hannu, ya ce, “Fasto, me ya sa ka yi haka? Ni ban taɓa yi maka alheri ba.”

Fasto ya ce, “Mahaifinku ne ya ce in kama masa. Abin da na yi ke nan.”

Sai direba ya ce duk ranar da za a kai marar lafiya Birnin Kudu, a daina wahala da babur, a kira shi.

Alhaji ya fi kowa daɗewa. Duk rani ba ya amsa gaisuwar Fasto sai da ɗaga hannu. Fasto bai fasa gaishe shi ba ko sau ɗaya. Malam kuma ya yi ta kai-komo tsakanin wa da ƙane har suka koma cin abinci a akushi ɗaya. Da ruwan shuka ya sauka, muka je sabuwar gonar da fartanya, sai muka tarar an riga an yi rabin huɗa. Alhaji ne da kansa a bayan shanunsa. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen kunya. Ya juyo ya ce, “Fasto, fushin da na yi, da kaina nake yi, kai ne dai a kusa. Ka yafe mini.” Ya ce mu koma tsohuwar gonar ma in muna so. A shekarar gona biyu muka noma.

Bayan kakar ne takarda ta zo daga gundumar cocinmu cewa an yi mana canjin wurin aiki. Haka tsarin yake, ba a barin fasto ya daɗe wuri ɗaya. Fasto ya sanar a coci, ya kuma bi gida-gida ya gaya wa maƙwabta. Malam ya tambaye shi wane ne yake yanke wannan hukunci, kuma a ina yake zama. Fasto ya gaya masa, a zatonsa tambaya ce kawai.

Ranar da aka kira mu Birnin Kudu don a ƙarasa maganar, Fasto yana ciki tare da shugaban gunduma da sauran fastoci, ni ina baranda da matar shugaban muna ɓarar gyaɗa. Sai ga mota ta shigo harabar. Na gane ta tun daga ƙofa. Direba ya fito ya buɗe wa Malam. Alhaji ya fito, da wakilin dagaci, da wasu dattawa uku, kowa da babbar riga kamar za su ɗaurin aure. Matar shugaban ta kama hannuna ta ce, “Lafiya? Wani abu mijinki ya yi?”

Na ce ban sani ba, don da gaske ban sani ba.

Aka shigar da su, aka ba su kujeru. Taga a buɗe take, duk muna ji. Bayan gaisuwa Malam ya ce, “Ranka ya daɗe, mu ba mu san tsarinku ba, kuma ba mu zo mu koya muku aikinku ba. Addininmu daban, kowa ya san nasa. Ni ban taɓa shiga cocinsa ba, shi ma bai taɓa bin sallata ba. Amma mun ji za ku ɗauke mana maƙwabci, shi ne muka ce bari mu zo mu roƙa. In da hali, a bar mana shi.”

Alhaji ya karɓa, ya ba da labarin gonar tun daga farko, bai ɓoye nasa ba. Ya ce, “Ni ya kayar a gaban jama'a, ni kuma na zo roƙo.”

Shugaban gunduma dattijo ne da ya ga abubuwa da yawa. Ya ce tun da ya fara aiki an sha kawo masa ƙarar fasto, an sha roƙonsa ya ɗauke fasto, amma yau ne liman ya fara zuwa da kansa ya ce a bar masa fasto. Ya nemi baƙin su ɗan ba su wuri. Ba a yi rabin awa ba aka kira su, aka ce an ƙara mana shekara biyu.

Fasto ya fito yana ta riƙe hannun mutane ɗaya bayan ɗaya. Direba ya ce ba zan koma a babur ba, aka matsa mini wuri a gaba, Fasto ya biyo mu a baya. A hanya dattawan suka yi ta gardama a kan wanda ya fi iya magana a gaban fastoci, Alhaji yana cewa shi ne, Malam yana murmushi kawai.

Wani ya riga ya buga waya gida. Da muka shigo gari, matan zumunta na ikilisiyarmu suna tsaye a ƙofar coci, matan unguwa kuma sun cika zauren Malam suna leƙe. Ban san ɓangaren da ya fara guɗa ba, na dai ji ta tashi ta ko'ina. Ina sauka Hajiya ta aiko a kira ni. Na shiga na tarar ta ɗora babbar tukunya.

“Maman coci,” ta ce, “ajiye mayafin nan ki zo ki kama mini tuƙi. Yau mutane da yawa za su ci.”